Ƙwaƙwalwa Ce Ko Laka? Yadda Likita Ke Gane Inda Ciwo Ya Taɓa

A ce an kawo manoma biyu asibiti daga gonakin noman rani na Kura ko Bunkure, kowannensu ya kasa tafiya. A idon 'yan'uwa ciwo ɗaya ne, wato shanyewar jiki. Likita kuwa, tun kafin a ɗauki hoto, tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce: ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, ko kuwa laka, igiyar jijiyoyin nan da ta bi ta cikin ƙashin baya?

Amsar tana cikin tsarin jijiyoyi. Waɗanda ke kai umarnin motsi sukan sauko daga ƙwaƙwalwa, su yi musayar gefe a gindinta, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama. Saboda haka in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓangaren hagu, galibi sanadiyyar hawan jini, hannu da ƙafar dama ne za su mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, domin ga akasarin mutane cibiyar magana a hagu take.

Ciwon laka shi kuwa a gicciye yake raba jiki. Fuska lafiya lau, hankali da magana daram, amma ƙafafu biyu sun saki, fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da sanin mai shi ba. Likita kan ɗauki tsinke ya riƙa taɓa fata daga ƙafa zuwa sama, har maras lafiya ya ce ya ji. In daidai cibiya ji ya dawo, lahanin yana wajen sashe na 10 na lakar bayan ƙirji. In a wuya yake, hannaye ma sukan mutu. Akwai kuma gwajin da Joseph Babinski ya bayyana a Faransa a 1896: a karci tafin ƙafa, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe. Sai dai ana ganin wannan a ciwon ƙwaƙwalwa da na laka duka, don haka shi kaɗai ba ya raba gardama.

Mutanen wannan yanki suna da dalilin kula da bambancin nan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ke kwarara a magudanai rani da damina, dodon-koɗin da ke rainon ƙwayar tsargiya ya sami mazauni. An san tsargiya da fitsarin jini, amma jefi-jefi ƙwayayenta kan ɓace hanya su maƙale a ƙarshen laka. Saurayi mai jini a jika sai ya fara ciwon ƙugu, cikin 'yan kwanaki ƙafafu su yi nauyi, fitsari ya ƙi fita. In an gane da wuri, maganin praziquantel tare da na rage kumburi kan dawo wa mutane da yawa da tafiyarsu. In an yi makonni ana shafe-shafe a gida, jijiyar da ta mutu ba ta cika farfaɗowa ba. Wanda aka kai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da irin waɗannan alamu, lalle ne masu jinya su gaya wa likita cewa a cikin ruwan magudana yake aiki ko wanka.