Awon Zuciya Kafin a Cire Mata Injin Taimako

Idan zuciyar mutum ta raunana har ta kasa isar da jini ga gaɓoɓi, likitocin Turai da Amurka sukan dasa masa wani ɗan inji a ƙirji, wanda ke zuƙo jini daga ɗakin hagu na zuciya ya tura shi babbar jijiya. Asalin manufarsa ita ce riƙe ran majinyaci har a sami zuciyar da za a dasa masa, amma cikin hikimar Allah sai aka lura cewa wasu zukatan, da zarar an sauke musu nauyi, sukan farfaɗo.

A asibitin Harefield na Ingila, Farfesa Magdi Yacoub, haifaffen Masar, da Dakta Emma Birks suka haɗa injin da magunguna, kuma a 2006 suka bayyana cewa daga majinyata 15 da suka bi wannan tsari, an cire wa 11 injin. Amma a sauran asibitoci waɗanda ke kaiwa ga wannan matsayi ƙalilan ne, galibi matasa waɗanda ciwonsu bai daɗe ba kuma ba toshewar jijiyoyi ce ta haddasa shi ba, ciki har da mata masu ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka daɗe da saninsa.

Mas'alar ita ce, muddin inji yana aiki, zuciya tana iya bayyana lafiyayya alhali ɗauke mata kaya aka yi, don haka ba a yanke hukunci da zato, sai da hujja, kamar yadda maɗori ba ya kwance kara sai ya tabbata ƙashi ya haɗe. Sai a ba majinyaci maganin hana jini daskarewa, a rage gudun injin na kimanin minti 15 har zuciya ta ɗauki aikinta ita kaɗai, sa'an nan a ɗauki hotonta. Sharaɗin da likitocin Harefield da na birnin Berlin suka yi ittifaƙi a kansa shi ne ta fitar da kimanin kashi 45 cikin ɗari, ko fiye, na jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu, kuma ɗakin ya tsuke ya koma kusa da girmansa na asali. Bayan haka a zura siririn bututu a auna matsin jini, a sa majinyacin tafiya a ga juriyarsa, a maimaita awon cikin makonni, domin shaida ɗaya ba ta isar da yaƙini.

Hatsari yana ɓangarori biyu, gama gaggawar cirewa tana iya mayar da ciwon, jinkiri kuma yana barin mutum ga barazanar shanyewar jiki, zubar jini da ruɓewar kafar wayar injin da ta ratsa fata. Saboda haka wajibi ne a riƙa neman alamun farfaɗowa ga duk mai ɗauke da injin, kuma wanda aka cire masa ya lazimci magani da awo iyakar rayuwarsa, domin zuciyar da ta taɓa kasawa tana iya sake kasawa.