Daga Ina Hasken Katun Yake Fitowa?

Idan kun zauna da yara kuna kallon katun irin su Toy Story ko Finding Nemo, da zarar labari ya ƙare sai kowa ya watse, a bar sunayen ma'aikata suna ta hawa a talabijin. Wata rana ka daure ka karanta su. A ciki za ka ci karo da wani muƙami mai ban mamaki, wato shugaban ɗaukar hoto. To hoton me aka ɗauka? Kifin da ke cikin Finding Nemo bai taɓa shiga ruwa ba, tekun ma babu shi, balle a ce an kafa kyamara a gabansa. Amma ga mutane nan, shekara da shekaru wannan aikin ne abincinsu, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu wata Ba'amurkiya ce mai suna Sharon Calahan da ta yi suna a kamfanin Pixar. Kafin ka gane abin da take yi, sai mun ɗan yi tafiya tare, kuma ba sauri za mu yi ba.

Mu fara da wayar da ke aljihunka. Duk lokacin da ka ɗauki wani hoto, haske ka kama. Ya taso daga rana, ya bugi fuskar mutumin, ya dawo ya shiga ta ɗan gilashin nan na bayan waya, can ciki aka rubuta shi. Shi ya sa hoton tsakar rana yakan fito da ramukan duhu a gurbin ido da ƙarƙashin hanci, na bayan la'asar kuwa sai ka ga fuska ta yi laushi, fata ta yi kyau. Mutumin bai canza ba, wurin da rana take ne ya canza. Gwanin hoto yakan ƙarar da shekarunsa wajen koyon wannan abu guda: daga ina haske ya zo, yaya ƙarfinsa, wane launi ne da shi, ina kuma ya bar inuwa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai batun motsi. Babu wani fim a duniya da hotonsa yake motsi da gaske. Hotuna ne tsayayyu ake jero maka da sauri, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, idonka da ƙwaƙwalwarka su haɗa su su zama tafiya ko gudu. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara fim mai magana, aka tsaya a kan hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Yi lissafi da kanka: minti ɗaya hotuna 1,440 ke nan, fim mai minti 90 kuwa 129,600.

Wanda ya fara nuna wa duniya abin da ke ɓoye a cikin motsi mai ɗaukar hoto ne, Eadweard Muybridge, ɗan Ingila da ya yi zama a Amurka. A 1878, a gonar dawakin attajiri Leland Stanford da ke Palo Alto a Kalifoniya, ya jera kyamara 12 a gefen hanyar sukuwa, aka shimfiɗa wayoyi yadda kowace kyamara za ta ɗauka daidai lokacin da doki ya iso gabanta. Da aka wanke hotunan sai ga abin da ido bai taɓa kamawa ba. Lallai akwai lokacin da duk ƙafafu huɗu suke barin ƙasa, amma a lokacin a naɗe suke a ƙarƙashin ciki. Masu zane kuwa sun daɗe suna zana doki a miƙe, ƙafafun gaba sun yi gaba, na baya sun yi baya. A 1887 ya fitar da babban kundi mai faranti 781 na mutane da dabbobi suna tafiya, suna tsalle, suna ɗaukar kaya. Har yau masu aikin katun suna buɗa hotunansa idan suna son sanin yadda ƙafa take sauka. Ka ga ke nan tun asali sana'ar zane mai motsi a makarantar mai hoto ta yi karatu.

Yanzu mu shiga kwamfuta. Abin da ya kamata ka sani shi ne ba ta san fuska ba, ba ta san kifi ba, lamba kawai ta sani. Idan kana so ta san siffar wani abu, dole ka gaya mata inda kowane ɗigo na jikinsa yake: nawa zuwa dama, nawa zuwa sama, nawa zuwa ciki. Sai a haɗa ɗigon da layuka su zama ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu. Ka tuna da kwandon da aka saƙa. In ka tsaya nesa za ka gan shi a zagaye sumul, in ka matso sai ka ga ashe 'yan gajerun tsinkaye ne aka sarƙa da juna, cikinsa kuma fanko ne. Haka duk wani jarumin katun yake, saƙa ce a waje, babu kome a ciki, kuma gwargwadon ƙanƙantar saƙar gwargwadon santsin jikin. A 1972 wani ɗalibi a Jami'ar Utah, Ed Catmull, ya yi zubin hannunsa na hagu da filasta, ya zana irin waɗannan fuskoki wajen 350 a kai, ya auna su ɗaya bayan ɗaya ya shigar a kwamfuta, har hannun ya buɗe ya rufe a kan allo. Shi ne daga baya ya shugabanci Pixar.

Da an gama saƙa sai a dasa mata ƙasusuwa da gaɓoɓi na lissafi, yadda in an ja gwiwar hannu fata za ta biyo. Daga nan mai motsarwa ya karɓa. Ba ya zana duk hotuna 24 ɗin nan da hannu. Yakan tsayar da muhimman tsayuwa ne, misali hannu a ƙasa a hoto na 1, hannu a sama a hoto na 12, kwamfuta ta cike tsakani. Sai dai cikewar kwamfuta ba ta da rai, gudu ɗaya take yi daga farko har ƙarshe, alhali ɗan Adam yakan fara a hankali, ya yi sauri, ya ɗan zarce, sannan ya dawo. Don haka za ka tarar da masu wannan aiki da madubi a kan tebur, ko sun kafa kyamara suna ɗaukar kansu suna faɗuwa suna tashi, don su ga yadda nauyin jiki yake sauka. A 1986 John Lasseter na Pixar ya yi wani ɗan fim na minti biyu, Luxo Jr., wanda jarumansa fitilun tebur ne guda biyu, babba da ƙarama. Ba su da ido, ba su da baki, amma daga motsi kaɗai kowa ya gane wace ce uwa ko uba, wace ce 'yar da ke rawar kai.

To, an gina jarumi, an motsa shi. Ka ce wa kwamfuta ta nuna maka shi, me za ka gani? Baƙi ƙirin. Duniyar cikin kwamfuta ba ta da rana, ba ta da wata, ba ta da ko ashana. Duk wani haske da ka taɓa gani a katun, wani ne ya zauna ya ajiye shi da hannunsa, ya zaɓi wurinsa da ƙarfinsa da launinsa. Nan ne abin da na ce ka riƙe ɗazu yake amfani. Mai hoto a titi yana samun rana kyauta, nasa shi ne ya jira lokacin da ya dace. Mai hasken katun kuwa sai ya san rana ciki da waje, domin shi zai ƙera ta.

Yawanci akan fara da babbar fitila wadda ke tsaye a madadin rana ko taga. Sai ƙarama a ɗaya gefen don kada inuwa ta yi duhun da zai haɗiye rabin fuska, sai wata daga baya da ke zana siririn layin haske a kafaɗa da gashi, ta raba mutum da bangon da ke bayansa. Wannan kowa zai iya koya a mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne ƙananan abubuwan da muke gani kullum ba mu lura ba. Mutum mai farar riga in ya tsaya kusa da katangar jar ƙasa, gefen rigarsa yakan ɗauki ja-ja, saboda haske ya bugi katangar ya dawo da launinta. Yaro in ya ba rana baya, kunnuwansa sukan yi ja saboda haske yana ratsa fata. Lokacin hunturu in hazo ya sauko, bishiyar kusa tana nan da launinta, ta nesa ta koɗe, dutsen can baya ya kusa ɓacewa, kuma da wannan koɗewar ne ido yake auna nisa. In aka manta da ɗaya daga cikinsu, mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya ɓace ba, zai dai ce abin ya yi kama da roba.

Sharon Calahan ta shiga Pixar a 1994, ta yi aikin haske a Toy Story, fim na farko mai cikakken tsawo da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, wanda ya fito a 1995. Daga baya ta shugabanci hasken A Bug's Life a 1998, da Finding Nemo a 2003, da Ratatouille a 2007. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne yadda take hutawa: takan ɗauki fenti ta fita daji ta zana duwatsu da sararin sama a inda suke, tana tsere da rana kafin inuwa ta matsa. A ganina wannan hutun shi ne rabin aikin. Lokacin Finding Nemo wasu ma'aikatan sun koyi nutso a teku don su gani da idonsu, aka kuma warware ruwa zuwa 'yan abubuwa kaɗan: dusu-dusun da ke haɗiye abin da ya yi nisa, 'yan ƙurar da ke yawo, igiyoyin hasken da ke saukowa daga sama, da walƙiyar da ke rawa a kan yashin ƙasa. Da an haɗa waɗannan sai ido ya yarda cewa ruwa ne, ko da babu ɗigo ɗaya. A 2014 ƙungiyar manyan masu ɗaukar fim ta Amurka ta shigar da ita cikinta, ita ce ta farko da ta shiga alhali duk finafinanta a kwamfuta aka yi su.

Akwai kuma wata matsala da za ta ba ka dariya: kyamarar cikin kwamfuta ta cika kyau. Ta gaske tana da aibi. In ta kama fuska sosai, bayan fuskar yakan dushe. In abu ya wuce da gudu yakan bar jan layi, domin ƙofar haskenta a buɗe take na ɗan lokaci. In rana ta shiga gilashinta sai ta watsu. Mun shekara fiye da ɗari muna kallon waɗannan aibobi har ido ya ɗauke su a matsayin shaidar gaskiya, hoton da babu su sai ya zama kamar na ƙarya. Saboda haka da gangan ake koya wa kwamfuta yin kuskuren kyamara. Lokacin da ake shirya WALL-E, wanda ya fito a 2008, Pixar ta gayyato Roger Deakins, ɗan Ingila, gwanin ɗaukar fim da ya faro daga hoto tsayayye, don ya nuna musu yadda ake haska wuri a fim na gaske. An san shi da sauƙaƙa haske da rashin tsoron duhu, darasin da yake da wuya ga wanda fitilu ba sa cin kuɗinsa.

Mataki na ƙarshe na kwamfuta ne ita kaɗai. Za ta bi kowane ɗigo na kowane hoto tana lissafa hasken da ya isa gare shi, kuma hoto ɗaya yana iya cin awanni. Toy Story yana da hotuna 114,240, kwamfutoci sama da ɗari ne suka yi ta aikinsa dare da rana. Mai haske yakan tura aikinsa da yamma, ya zo da safe ya ga inuwar hanci ta faɗa inda bai so ba, ya matsar da fitila kaɗan, ya sake jira. Wanda ba shi da haƙuri ya nemi wata sana'a.

Kayan aikin sun yi araha yanzu. Manhajar Blender kyauta ce ga duk mai intanet, kuma da ita Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya da 'yar ƙaramar tawagarsa suka yi fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, ya doke na manyan kamfanonin Amurka. Manhaja za ta ba ka fitila dubu in kana so, amma ba za ta gaya maka inda za ka ajiye ko guda ba. Saboda haka in kana sha'awar wannan sana'a, kafin ka nemi babbar kwamfuta, zaɓi bango ɗaya a unguwarku, ka ɗauke shi hoto da hantsi, da azahar, da gab da magariba, ka jera hotunan ka rubuta bambancin da ka gani. Gobe ka sake.