Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Darasin Da Kotuna Suka Koya Game Da Shaidar Ido

Tun muna ƙanana ake gaya mana cewa gani ya kori ji. Idan gardama ta yi zafi a aji ko a ɗakin kwanan ɗalibai, da zarar wani ya ce "da idona na gan shi", shi ke nan magana ta ƙare. Wa zai ja da ganau? Amma kotunan duniya, waɗanda aikinsu kullum shi ne sauraron ganau, sun daɗe da gano cewa mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya, babu ƙarya babu ƙiyayya, ya nuna wanda bai ji ba bai gani ba. Sai da aka ɗaure marasa laifi shekara da shekaru kafin a koyi wannan darasi. Mu da ke karatu a jami'a mun ga ya dace mu kawo wa ƙannenmu na sakandare labarinsa, domin kowannenmu yana iya zama shaida wata rana, ko kuma ya zama wanda aka nuna da yatsa.

Mutumin da aka ɗaure saboda kama

A watan Disamba na 1895, wani ɗan ƙasar Norway mai suna Adolf Beck yana kan titin Victoria a birnin Landan, sai wata mata ta tare shi ta ce shi ne ya damfare ta agogo da zobba. Beck ya ce bai taɓa ganinta ba. Aka tafi da su wurin 'yan sanda.

A lokacin akwai wani ɗan damfara da ya addabi matan birnin. Yakan tare mace a hanya cikin shiga ta alfarma, ya ce shi babban basarake ne, yana neman wadda za ta kula masa da gidansa. Sai ya rubuta mata cekin banki na bogi ta sayi sutura, ya karɓi zobbanta da sunan zai auna yatsanta ya sayo mata waɗanda suka fi su tsada. Daga nan ba ta sake ganinsa.

'Yan sanda suka kira matan da aka damfara, suka jera Beck cikin wasu maza, suka ce kowace ta nuna ɓarawonta. Sai dai ɗan damfarar mai furfura ne da gashin baki, kuma sau da yawa Beck kaɗai ne mai wannan siffa a layin. Mata suka riƙa nuna shi ɗaya bayan ɗaya. Wani masanin rubutun hannu ya ce rubutun da ke kan takardun nasa ne, ya dai sauya hannu ne. 'Yan sanda kuma suka haƙiƙance cewa shi ne wani John Smith da aka taɓa ɗaurewa a 1877 kan irin wannan damfara, ko da yake Beck ya ce a wancan lokacin yana Kudancin Amurka. A 1896 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 7.

An sake shi a 1901. A 1904 aka sake kama shi kan irin laifin, wasu matan suka sake nuna shi, aka sake samunsa da laifi. Allah ya sa alƙalin wannan karon bai natsu ba, ya ɗage yanke hukunci. Beck yana tsare, sai aka kama wani mutum yana ƙoƙarin jinginar da zobban da ya karɓa daga wasu mata ta wannan dabarar. Shi ne John Smith na ainihi. Da aka kawo matan da suka yi rantsuwa a kan Beck suka gan shi, suka yarda cewa sun yi kuskure.

Gwamnati ta wanke Beck, ta biya shi diyyar fam 5,000. Hayaniyar da shari'arsa ta tayar tana cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta manyan laifuka a Ingila a 1907. Shi kuwa Beck ya rasu a 1909 cikin talauci.

Abin lura shi ne waɗannan mata ba maƙaryata ba ne. An cuce su da gaske, kuma sun yi imani da abin da suka faɗa. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.

Me ya sa ido ke yaudara?

Yawancinmu muna ɗaukar ƙwaƙwalwa kamar kyamarar waya, ta ɗauki hoto ta adana, ranar da aka buƙata a buɗe a kalla. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna ba haka take aiki ba. Abin da take adanawa gutsattsari ne. Duk lokacin da muka tuna wani abu, sai ta harhaɗa su, ta cike giɓi da abin da muka ji daga baya ko abin da muke zato.

A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer na Jami'ar Washington a Amurka suka nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Wasu an yi musu tambayar da kalma mai ƙarfi, mai ma'anar cewa motocin sun ragargaji juna. Wasu kuma an ce musu motocin sun bugi juna ne kawai. Rukunin farko suka faɗi gudu mafi yawa. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai ƙarfi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya rukunin, 7 ne suka ce haka. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Kalma guda a bakin mai tambaya ta sauya abin da mutane suke tunawa.

Akwai wasu abubuwan da ke raunana shaidar ido. Wanda aka nuna wa bindiga ko wuƙa, hankalinsa yakan tafi kan makamin ya bar fuskar mai riƙe da shi. Tsoro mai tsanani yana rage abin da mutum zai iya riƙewa. Mutane sun fi yin kuskure wajen tantance fuskar wanda launin fatarsa ya bambanta da nasu. Idan kuma shaida ya nuna wani, aka ce masa "ka yi daidai", tabbacinsa yakan ƙaru nan take, alhali bai ga wani sabon abu ba.

Shari'ar Ronald Cotton a jihar North Carolina ta Amurka ta nuna haka ƙarara. A 1984 wani ya shiga ɗakin wata ɗalibar kwaleji da dare ya yi mata fyaɗe. Ta yi ƙarfin hali ta ƙare wa fuskarsa kallo domin ta iya gane shi. Ta zaɓi hoton Cotton, ta sake nuna shi a layi, ta rantse a kotu. Ya shafe fiye da shekara 10 a gidan yari kafin gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya tabbatar a 1995 cewa wani ne daban ya aikata laifin. Ƙungiyar Innocence Project, wadda aka kafa a 1992 domin bin kadin waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ta gano cewa cikin ɗaruruwan mutanen da wannan gwaji ya wanke a Amurka, kusan 7 cikin kowane 10 akwai kuskuren shaidar ido a shari'arsu.

Tambayoyin da alƙali ke yi

A 1976 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a wata shari'a da aka fi sani da sunan Turnbull. A cikinsa ta shimfiɗa ƙa'idojin da alƙali zai bi idan shari'a ta dogara kan ganau, wanda ake tuhuma kuma ya ce ba shi ba ne. Kotun ta ce dole a yi gargaɗi cewa shaida mai gaskiya yana iya kuskure, kuma shaidu da yawa suna iya yin kuskure iri ɗaya. Sannan a bincika yanayin da aka yi ganin. Tsawon wane lokaci shaidan ya kalli mutumin? Daga wace tazara? Akwai haske? Akwai abin da ya tare masa gani? Ya san shi a da? Kwana nawa tsakanin faruwar abin da ranar da ya nuna shi? Kwatancen da ya fara bai wa 'yan sanda ya yi daidai da kamannin wanda ke gaban kotu?

Kotun ta ƙara da cewa idan ganin na ƙiftawar ido ne, kuma babu wata hujja da ta ƙarfafa shi, bai kamata a ɗaure mutum a kansa ba. Ta kuma tunatar cewa ko 'yan'uwa da abokai akan yi kuskuren gane su. Mu ma mun san haka. Sau nawa muka ƙwala wa wani kira a kasuwa muna zaton abokinmu ne, ya waiwayo muka ga baƙuwar fuska?

Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye, domin dokar shaida ta Najeriya ta samo asali ne daga ta Ingila, kuma Kotun Ƙoli ta ƙasarmu ta rungumi waɗannan ƙa'idoji a hukunce-hukuncenta. Idan shaida bai san wanda ake zargi ba kafin ranar, kuma ganin ɗan lokaci ya yi masa, ana sa ran 'yan sanda su jera wanda ake zargin cikin mutanen da suka yi kama da shi a shekaru da tsawo da shiga, su bar shaidan ya nuna da kansa ba tare da an yi masa ishara ba. Nuna mutum karon farko a cikin kotu ba shi da nauyi sosai, tunda kowa ya san wanda ke tsaye a akwatin masu laifi shi ake tuhuma. Haka nan idan wanda aka kama ya faɗa tun farko cewa yana wani wuri lokacin da aka aikata laifin, ya faɗi wurin da waɗanda yake tare da su, wajibi ne 'yan sanda su bincika.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta raba ma'auni biyu. A rikicin gona ko bashi ko ciniki tsakanin mutum biyu, alƙali yana auna hujjojin ɓangarorin ne, wanda tasa ta rinjaya ya yi nasara. A shari'ar laifi kuwa rinjaye bai isa ba, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifin ta yadda ba za a bar wani kokwanto mai ma'ana ba. Dalili shi ne kuɗin da aka biya bisa kuskure ana iya mayarwa, amma babu mai mayar wa mutum shekarun da ya yi a kurkuku. A shari'ar Musulunci ma, sanannen abu ne a wurin malamai cewa shubuha tana kawar da haddi.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan maganar lauyoyi ce. Amma ƙananan kotuna suna zama a makarantunmu kullum. Waya ta ɓace a ɗakin kwana, an ɗauke wuta, wani ya ce ya ga "wani dogo mai jar riga" ya fita. Kafin gari ya waye an sa wa dogon suna, kowa yana cewa shi ma ya gan shi. Ɗalibi yana iya rasa makarantarsa da mutuncinsa a kan wannan. A titi kuwa abin ya fi muni, domin ihun "ɓarawo!" kaɗai ya isa a rasa rai. A watan Oktoba na 2012 wasu mutane a garin Aluu na jihar Ribas suka kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal bayan an yi musu ihun ɓarayi, ba tare da wata kotu ta saurare su ba.

Saboda haka idan muka ga wani abu ya faru, akwai abin da za mu iya yi. Mu rubuta abin da muka gani da wuri, kafin mu tattauna da kowa, domin labarin wasu yana shiga cikin namu ba mu sani ba. Mu raba abin da idonmu ya gani da abin da muka ji da abin da muke zato. Idan bayan mutum muka gani, mu ce bayansa muka gani. Idan aka jera mana mutane, mu tuna cewa mai laifin yana iya kasancewa ba ya cikinsu, kuma wanda ya fi kama da shi ba lallai shi ba ne. Idan ba mu tabbata ba, mu ce ba mu tabbata ba, ko da malami ko ɗan sanda ya matsa. Faɗin haka ba tsoro ba ne, cikakkiyar shaida ce.

Wannan bai nuna a daina ba da shaida ba. Wanda aka cuta yana da haƙƙin a saurare shi, kuma shaidar ido tana kama masu laifi da yawa, musamman idan an yi ganin da rana, a kusa, ga wanda aka sani. Amma mu tuna cewa duk lokacin da aka kama marar laifi, mai laifin yana nan yana yawo. Shekarun da Ronald Cotton ya fara fuskantar shari'a, an rufe bincike a kan wanda ya yi aika-aikar. Ranar da Beck ke jiran hukunci karo na biyu, John Smith yana can yana karɓar zobban wasu mata.

Don haka, ƙannenmu, duk ranar da aka ce ku faɗi wanda kuka gani, kafin ku ɗaga yatsa ku yi wa kanku tambayoyin nan na alƙalai: na daƙiƙa nawa na gan shi, daga ina, da wane haske, kuma wa ya fara faɗa mini sunansa?