Jini a fitsari: yadda muka tafi neman leza wa Kawu

Wata biyar Kawu ya yi yana ganin jini a fitsarinsa bai gaya wa kowa ba. Ranar da na tsare shi a gidanmu na Asawase, cewa ya yi: "Haba ɗan nan, tsargiya ce fa. A Yeji wane yaro ne bai yi ta ba?"

Yana da 'yar gaskiyarsa. Bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, tsargiya ta yaɗu a garuruwan bakin tafkin Volta, inda ya taso. Abin da bai sani ba, ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma hakan na iya kaiwa ga sankara. Ga shi Kawu ya daɗe yana shan taba, ita ma babban sanadi ce.

A asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, aka ga ƙari. Nan take ɗansa da ke Jamus ya dame ni da waya: a nemi leza ko nawa ne.

Na kai wa likita maganar. Ya ce aikin da aka saba ma ba a tsaga ciki. Ta bututun nan ake shiga, a kankare ƙarin da 'yar waya mai lantarki. Leza, irin su holmium da thulium, tana yanko ƙaramin ƙari ɗungurungum, jini bai cika zuba ba, abin da ke taimakon tsofaffi masu shan maganin tsinka jini. Amma idan ƙarin ya riga ya ci cikin tsokar mafitsara, ko leza ko waya ba su isa ba. Sai a koma maganar cire mafitsarar ko gashi.

Wallahi a nan jikina ya yi sanyi, don wata biyar ɗin nan na tuna.

Da wayar lantarkin aka yi masa. Sakamakon gwaji ya nuna bai kai tsoka ba, alhamdulillahi. Sai dai irin wannan ƙari yana yawan dawowa, don haka bayan wata uku za a sake leƙawa da kyamara. Kawu har ya fara cewa ai ya warke, me zai koma yi. Takardar ranar tana aljihuna.