Gargaɗi ga iyayen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa: ɗauri ba maganin ƙwaya ba ne

Wannan kira ne na gaggawa ga iyaye maza da mata, da masu unguwanni da dagatai, da limamai da shugabannin 'yan sintiri, tun daga Tiga da Kwanar Dangora har Riruwai. Akwai abin da ke neman zama al'ada a garuruwanmu: yaro ya faɗa shaye-shaye, an yi nasiha an yi faɗa an gaji, sai uba ya kama hannunsa ya kai shi caji ofis ya ce, "Ku ɗaure min shi wata uku ya yi hankali." Don girman Allah a daina.

Ban raina zafin da uba yake ji ba. Wanda ɗansa ya sayar masa da buhun taki ana tsaka da damina don ya sayi tiramol, shi ya san ƙunar da ke ransa. Masifar kuma ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna kashi 16 cikin ɗari na mutanen jihar Kano masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma ƙwaya ba ta bar tasha da gona da ramin haƙar ma'adinai ba. Wasu yaran ma ba don holewa suka fara ba, ƙwadago suka je aka ce su sha su yini suna aiki ba gajiya.

Sai dai ranar da aka rubuta sunan ɗanka a takardar ƙara, magana ta bar hannunka. Kai wata uku ka ce, doka ba ta san da wannan zance ba. Sashe na 11 na dokar hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta NDLEA ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar ibilis ko makamantanta, ko da sha kawai yake yi, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a, can Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano. Manomin Doguwa ya lissafa kuɗin mota ta dajin Falgore, zuwa da dawowa, duk ranar da aka ɗage zama. Ko ƙaramar tuhuma ce a gaban majistare, in aka rasa mai tsayawa beli sai waƙafi. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Yaron da ya shiga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse da laifin wiwi zai iya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi, ya fito da sababbin abokai, da tabon da zai bi shi har wurin neman aure.

Kada kuma a guje wa wannan a faɗa gidan mari. Ba mu manta 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Da yawansu iyayensu ne suka kai su, har da biyan kuɗin wata.

In kuwa an riga an kama naka, to ka tsaya da kyau, domin a kwanakin farko ake cutar talaka. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Kada yaro ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. A kotu, sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba shi tafinta kyauta, ya kuma ce shi ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne raɗar nan da ake yi wa yaro a bakin kotu: "Ka amsa kawai, a yi maka sassauci ka tafi gida." Mai faɗar haka ba shi ne zai yanke hukunci ba. Da yaro ya ce na amsa, alƙali na iya ɗaure shi nan take, ba shaida, ba binciken abin da aka ce an kama shi da shi. Yaron da bai taɓa shiga kotu ba, yana rawar jiki, ƙwaya na sakinsa, ana karanto tuhuma da Turanci, wace amsa ce tasa? Babban dila kuwa da lauyansa yake zuwa, a ja shari'a, a nemo masa beli. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Hukumar Tallafin Shari'a, wato Legal Aid, a Kano, lauyansu kyauta ne. A jinkirta amsawa har lauya ya iso.

Ba dila nake roƙa wa ba. Mai sayar wa 'ya'yan mutane guba a hukunta shi. Mai sha kuwa mara lafiya ne da ya taka doka, kuma akwai hanyar da kotu za ta riƙe shi ba tare da ta lalata shi ba. A birnin Mayami na Amurka aka fara kotun jinyar masu shan ƙwaya a 1989. Mai sha yana zuwa gaban alƙali ɗaya a kai a kai, ana gwada fitsarinsa, likita na kawo rahoto. In ya kauce a tsawata masa, in ya kammala a janye tuhuma. Mu nan ba daga tushe za mu fara ba. Makarantar gyaran hali da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a zangonta na biyu tana nan Kiru, a ƙofar gidanmu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta amince da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sa ido, Kano ma ta yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka a shekarar. Muna roƙon Babbar Jojin Kano, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, da 'yan majalisarmu na jiha, su haɗa waɗannan: a keɓe alƙali guda a wannan yanki, a zuba likitoci a Kiru, a ba shi ikon tura mai sha can maimakon Kurmawa.

Kafin a kai ga haka, wanda ɗansa ya kamu ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba abin kunya ba ne. Malamanmu limamai, ku faɗi wannan a huɗubar Juma'ar nan. Masu unguwanni, duk uban da ya zo neman ku raka shi caji ofis da ɗansa, ku zaunar da shi tukuna.