Azumin Likita da Azumin Shari'a: Abin da Ya Kamata Mai Jego Ta Sani Kafin Tiyata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Akwai tambayar da magidanta kan tare mu da ita bayan an idar da salla: "Malam, iyalina ta haihu, za a yi mata aiki gobe, likita ya ce ta yi azumi. Ya halatta alhali tana cikin biki?" Tushen ruɗanin kalma ɗaya ce da ake kiran abubuwa biyu da ita.

Azumin shari'a ibada ce da ake ƙulla wa niyya, a kame daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Malamai sun haɗu a kan cewa mai jinin biki ba ta yin sa, kuma ba ta salla. Idan ta yi tsarki sai ta rama azumi, ba ta rama salla. Iyakar wannan jini kwana 60 ne a wajen Malikiyya da Shafi'iyya, kwana 40 a wajen Hanafiyya da Hanbaliyya, amma duk ranar da ya ɗauke ta yi wanka, hukuncinsa ya ƙare. Shi kuwa abin da likita yake nufi, kame baki ne na wasu sa'o'i domin ciki ya zama babu komai. Babu niyya a cikinsa, babu ruwansa da alfijir ko almuru, don haka babu abin da ya haramta shi ga mai jego. Kiyaye shi ma yana cikin kiyaye rai, wanda yake ɗaya daga cikin manyan manufofin shari'a.

Dalilinsa shi ne, idan aka yi wa mutum allurar barci, tarin da kan kare maƙogwaro yakan tsaya. Abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa ya faɗa huhu, ruwan tsamin ciki ya ƙona shi, har a rasa rai. A shekarar 1946 wani likitan mata a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari bayan nazarin matan da aka sa wa maganin barci wajen haihuwa. Sabuwar mai jego ta fi kusa da shi, domin juna biyu yana sassauta ƙofar tumbi, kuma naƙuda da wasu allurai masu ƙarfi na kashe zafi suna jinkirta narkewar abinci. Ko da allurar gadon baya za a yi, ana kiyaye ƙa'idar, don ana iya komawa ga allurar barci a tsakiyar aiki.

Ma'aunin da likitocin sa barci suka fi bi a yau shi ne: sa'a 8 bayan nama ko abinci mai maiƙo, sa'a 6 bayan abinci marar nauyi ko madara, sa'a 2 bayan ruwa garau ko shayin da ba a sa masa madara ba. Likita na iya ƙara lokacin gwargwadon halin marar lafiya, kuma maganarsa ita ce abin bi.

A nan ne muke kuskure iri biyu. Na farko na masu tausayi ne. Uwa ko gwaggo ta ga 'yarta a galabaice, ta miƙa mata kofin kunun kanwa a ɓoye, tana cewa ai ruwa-ruwa ne. Kunu da koko da fura da nono duk abinci ne a lissafin likita, ballantana naman jego. Mafi muni shi ne a tambaya a ce ba ta ci komai ba, don gudun kada a ɗaga aikin. Wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar da za ta iya jawo ajali. Ɗaga aiki na 'yan sa'o'i ya fi zaman makoki sauƙi.

Na biyu na masu tsanantawa ne. Mace ta ji kalmar azumi, sai ta ƙi ko kurɓar ruwa tun daren jiya har la'asar, ga jini ta zubar, ga jariri yana shan mama. Ƙishirwa irin wannan tana kawo jiri da ciwon kai da faɗuwar ƙarfi, kuma ba ibada ba ce. Idan an jinkirta aikin, a tambayi nas ko za a iya ba ta ruwa, ko a ɗaura mata ƙarin ruwa.

Idan kuwa lamarin na gaggawa ne, kamar ɓallewar jini ko maƙalewar mabiyiya, kada a zauna a gida ana jiran abinci ya narke. A garzaya asibiti, a faɗi abin da ta ci da lokacin da ta ci. Likitoci suna da dabarun kare huhu a irin wannan hali.

Saura wadda ta riga ta yi tsarki, kamar mai jiran aikin yoyon fitsari watanni bayan haihuwa, aikin kuma ya faɗo a watan Ramadan. Ita hukuncin marar lafiya ne ya hau kanta, wanda aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara suka ba shi rangwamen ya sha ya rama. Idan likita ya ce ta sha ruwa ko magani da hantsi, ta sha, babu laifi a kanta.

Kiranmu ga mai gida shi ne ya tsaya da kansa ya yi tambaya uku: ƙarfe nawa za ta daina cin abinci, ƙarfe nawa za ta daina shan ruwa, kuma yaushe za ta koma ci bayan aiki? Sannan ya sanar da masu jinya amsar, domin su ne ke riƙe da kwanon kunu.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne mafi sani.