Tilawa da Akwatin Katuna: Dabarun Tsare Hadda ta Hanyar Ba da Tazara

A unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi, kamar su Unguwar Sarki da Kawo da Badarawa da Tudun Wada, ana samun masu hadda iri biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Akwai ɗan makarantar allo ko ta tahfizi, wanda yake riƙe da izu goma ko ashirin shekara da shekaru. Akwai kuma ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko na Jami'ar Jihar Kaduna, wanda yakan cusa karatun zango guda a kansa cikin dare biyu, ya juye shi a takardar jarrabawa, bayan mako uku kuma a neme shi a rasa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne yake yin duka biyun. Ke nan bambancin ba na kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Yana cikin yadda ake rarraba maimaici a kan kwanaki.

Wanda ya fara auna wannan al'amari da lissafi shi ne Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe da ya buga sakamakon bincikensa a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya duba yawan wahalar da ta rage masa in ya zo sake koyonsu. Bayan minti 20 abin da ya saura kimanin kashi 58 ne cikin ɗari, bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya 34, bayan wata ɗaya kuwa 21. Watau mantuwa da gudu take farawa, daga baya ta koma tafiyar hawainiya. Har ila yau ya gano cewa maimaici 38 da aka raba a kwana uku ya yi amfanin maimaici 68 da aka tara a yini ɗaya. A 1939 H. F. Spitzer ya gwada yara fiye da 3,600 a jihar Iowa ta Amurka, ya ga cewa waɗanda aka yi wa tambayoyi jim kaɗan bayan karatu sun fi sauran riƙe shi.

Malaman allo ba su taɓa jin sunan Ebbinghaus ba, amma tsarinsu ya daɗe da yin maganin abin da ya auna. Almajiri yakan rubuta ƙarinsa a allo da tawada, malam ya biya masa, ya yi ta nanatawa har ya zauna. Ba ya wanke allon sai ya kawo karatun da ka a gaban malam. Wannan shi ne mataki na farko, kuma shi ne mai sauƙi. Babban aikin yana cikin tilawa, inda ake komawa baya ana bin abin da aka riga aka wuce, da asuba da kuma dare. Karatun jiya da shekaranjiya kullum ana taɓa shi, wanda ya daɗe kuwa sai zagaye ya kawo kansa. Rabon Alƙur'ani zuwa izu 60, kowane izu kuma sumuni 8, ya sa lissafin ya zo da sauƙi: mai tilawar izu biyu a yini zai dawo kan kowace aya bayan kwana 30. Ga kuma Ramadan, wanda yake zame wa mahaddata bitar shekara. Idan aka lura, tazarar tana ƙaruwa ne daga sa'o'i zuwa kwanaki zuwa wata, kuma a kowane mataki daga ka ake ciro karatun. Gardi mai satu ma da alƙalami yake fito da shi, ya kai allon darasu a duba masa kurakurai.

Wannan batu na cirowa daga ka shi ne 'yan boko suka fi sakaci da shi. Sake karanta littafi yakan sa mutum ya ga kamar ya sani, alhali ido ne kawai ya saba da shafin. Binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki sun fi masu sake karantawa riƙe shi bayan mako guda, ko da yake masu sake karantawar ne suka yi gaba a gwajin da aka yi bayan minti biyar. Wannan ribar ta nan take ita ce take yaudarar mai karatun daren jarrabawa.

Sai dai tilawa an gina ta ne domin nassi mai jeri, inda kowace aya take jawo ta gabanta. Yawancin karatun boko ba haka yake ba, gutsattsari ne: shekara, ma'anar kalma, ƙa'ida. A nan ne dabarar da Sebastian Leitner, wani ɗan jarida Bajamushe, ya bayyana a 1972 take da amfani, kuma ba ta bukatar komai sai biro da kwali. Ana yanka katuna, a rubuta tambaya a fuska ɗaya, amsa a ɗayar. Alal misali, ɗalibin nahawun Hausa da ke fama da rukunan aikatau bakwai na Parsons zai rubuta “siffofin rukuni na 2” a gaba, a baya kuma “saya, saye, sayi”. Sa'an nan a samo akwati, ko kwalin takalmi ma ya isa, a raba shi gida biyar. Sabon kati gida na ɗaya yake shiga. In an amsa daidai ya matsa gaba, in an kuskure ya komo gida na ɗaya, ko da ya riga ya kai na huɗu. Leitner ya sa kowane gida ya fi na bayansa faɗi, ba a buɗe shi sai ya cika. Waɗanda suka zo daga baya sun fi son tsayar da ranaku, misali gida na ɗaya kullum, na biyu bayan kwana biyu, na uku mako-mako, na huɗu bayan mako biyu, na biyar wata-wata. Wanda ba ya son katuna yana iya ja wa littafin rubutunsa layuka, ya rubuta kwanan watan kowace bita a gefen darasi.

Fifikon akwatin a kan tilawa guda ne: yana ware abin da ke ba da wuya ya ba shi lokaci mai yawa, ya ƙyale wanda ya zauna. Tilawa kuwa kowa hakkinsa ɗaya, da mai wuya da mai sauƙi, sai dai gwanaye sukan rufe wannan giɓi da ilmin harji, watau ƙididdigar wuraren da lafazi ya maimaitu, domin kada ayoyi masu kama da juna su sarƙe. Akwatin kuma yana da nasa rauni. Yana wargaza jeri, don haka bai dace da haddar sura ko ƙasida ba. Ba shi da malami da zai ce a sake, mai shi ne alƙalin kansa, kuma mai sassauta wa kansa zai tura kati gaba tun bai nuna ba. Ɗalibin da ya yi fashin mako biyu zai tarar gida na ɗaya da na biyu da na uku duk suna jiransa a rana guda, kuma a nan ne galibi ake jingine akwatin.